Jirgin Yaƙi Ya Kafe: Me Ya Sa Kwamanda Ake Fara Nema Ko Da Ba Shi Ke Tuƙi Ba?

A wata majalisa da ke bayan Kantin Kwari, bayan sallar la'asar, wayar wani matashi ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Hoton jirgin sojan ruwa ne ya karkata a kan duwatsu, hayaƙi na tashi daga cikinsa. Wani dattijo da ya daɗe yana jan tirela tsakanin Kano da Apapa ya ƙura wa hoton ido, ya ce ai sai a kama direba. Matashin ya ce, "Baba, mace ce kwamandar, kuma an ce ba ita ke riƙe da tuƙi ba, na ƙasa da ita ne suka yi kuskure." Dattijon ya miƙa masa wayarsa: "Yaro, in na ba yaron mota sitiyari ya kayar da ita, mai mota ni ya sani."

Kowanensu ya riƙe rabin maganar. Dokokin sojan ruwa sun yarda da dattijon cewa kwamanda ne zai amsa tambaya, sun kuma yarda da matashin cewa amsa tambaya ba ya nufin an same shi da laifi.

Abin da ya faru a Samowa

Jirgin da ke cikin hoton shi ne Manawanui, na rundunar sojan ruwan Niyu Zilan. A yammacin 5 ga Oktoba 2024 yana aikin auna ƙasan teku a kudancin tsibirin Upolu na ƙasar Samowa, sai ya hau duwatsun murjani. Kwamandarsa, Yvonne Gray, ta ba da umarnin kowa ya fita, aka tsira da duka mutum 75 da ke ciki. Wuta ta kama, washegari da safe jirgin ya nutse. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Niyu Zilan ba ta yi asarar jirgin yaƙi a teku ba sai ranar.

Kwamitin bincike ya gano abin da ya ba mutane mamaki saboda ƙanƙantarsa. Jirgin yana kan tuƙin na'ura, wato na'urar da ke riƙe masa hanya da kanta, ba a kashe ta ba. Da masu tuƙi suka nemi juya shi ya ƙi juyawa, sai suka zaci injin ne ya samu matsala, babu wanda ya duba ko na'urar na kunne. Cikakken rahoton da ya fito a Afrilu 2025 bai tsaya a kan masu tuƙin ba. Ya ambaci ƙarancin horo, ƙarancin gogewa, raunin sa ido da raunin auna haɗari kafin a fita aikin. Wasu daga cikin waɗannan matsaloli na rundunar ce gaba ɗaya, ba na ma'aikatan jirgi ɗaya ba.

Yadda jirgi ke kafewa

Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a yashi da damina ya san rabin abin. Jirgi yana kafewa idan cikinsa ya taɓa ƙasa: tudun yashi, laka, dutse ko murjani. Kowane jirgi yana da gwargwadon yadda yake nutsewa cikin ruwa, kuma aikin masu tuƙi shi ne tabbatar da cewa zurfin da ke ƙarƙashinsu ya fi wannan gwargwado a kowane lokaci. Zurfin ba a tsaye yake ba. Teku tana cikowa tana janyewa, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a rana, hanyar da ta wuce da jirgi da safe tana iya riƙe shi da rana. A bakin koguna kuma yashi yana tafiya. Masu ɗiban yashi a Kogin Challawa sun san cewa inda ya yi zurfi bara yana iya zama tudu bana. Haka bakin kogin Escravos na jihar Delta da mashigin Kalaba suke, shi ya sa ake ta maganar yashe su.

Jirgi kuma ba shi da birki. Babban jirgi yana cin nisa mai yawa kafin ya tsaya, don haka kuskuren da aka gane a makare ya riga ya zama haɗari.

A ɗakin tuƙi akwai mutane da dama. Akwai hafsan da ke kan aiki, wanda ke riƙe da jirgin na wasu sa'o'i kafin wani ya karɓe shi. Akwai hafsan taswira da ke zana hanya tun kafin a tashi. Akwai mai riƙe da sitiyari, wanda umarni kawai yake bi, da masu leƙen hanya. A kusa da tasha akan ɗauki jagora ɗan gari wanda ya san ruwan wurin. Kwamanda shi ke sa hannu a kan hanyar da aka zana, shi ke zaɓar wanda ya isa a bar masa jirgi, shi ke rubuta umarnin dare da ke cewa a tashe shi idan kaza ya faru. Ko da jagora yana ciki, nauyin jirgi bai bar wuyan kwamanda ba. Mashigin Panama ne sanannen wurin da aka saɓa wannan ƙa'ida, inda jagora ke karɓar ragamar tafiya.

Nauyi daban, laifi daban

Kundin ƙa'idojin sojan ruwan Amurka ya faɗa ƙarara cewa nauyin da ke kan kwamanda game da jirginsa cikakke ne, kuma ko ya wakilta wani ya yi wani aiki, wakilcin bai sauke masa nauyin ba. Yawancin rundunonin da suka gaji tsarin Birtaniya, har da ta Najeriya, a kan wannan fahimta suke. Dalilin ya samo asali ne tun zamanin da jirgi kan yi watanni babu mai jin ɗuriyarsa. An ba mutum ɗaya iko kusan irin na sarki a kan rayukan ɗaruruwan mutane, saboda ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle a tsakiyar guguwa. Ladan wannan iko shi ne duk abin da ya faru shi za a tambaya. Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin da ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin kiwonsa.

Laifi kuwa sai an tabbatar da shi. A nan ma fiƙihu ya riga ya share hanya: wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Dokokin soja suna tambayar abu makamancin haka. Sashe na 110 na dokar sojan Amurka ya raba tsakanin wanda ya jefa jirgi cikin haɗari da gangan, wanda hukuncinsa kan iya kaiwa ga kisa, da wanda ya yi hakan bisa sakaci. Dokar sojan Birtaniya ta 2006 ita ma ta ware laifin jefa jirgi cikin haɗari. Ma'aunin sakaci shi ne: shin hafsa mai hankali, mai irin wannan horo, a irin wannan hali, zai yi abin da wannan ya yi?

Labarin jirgin Birtaniya Nottingham ya nuna yadda abubuwan biyu ke haɗuwa a kan mutum ɗaya. A daren 7 ga Yuli 2002 ya daki wani dutse kusa da tsibirin Lord Howe na Ostireliya, saura ƙiris ya nutse. Kwamandansa, Richard Farrington, ya sauka tsibirin, bai daɗe da dawowa a jirgi mai saukar ungulu ba abin ya faru. Ba shi ya zana hanyar ba, ba shi ke riƙe da jirgin ba. Duk da haka ya gurfana gaban kotun soja a 2003 tare da hafsoshi uku, ya kuma amsa laifinsa: ya bar jirgi a hannun wani ba tare da ya tabbatar akwai tsayayyen tsarin tafiya ba. Shi tsawatarwa aka yi masa, mataimakinsa da hafsan da ke kan aiki aka cire su daga jirgin. Ba a hukunta shi don dutsen ba, an hukunta shi don abin da bai duba ba kafin ya juya baya.

Daga bincike zuwa kotu

Abin da ke rikita masu bin labarai shi ne matakai uku ne mabambanta, amma kanun labarai kan cakuɗa su.

Na farko kwamitin bincike. Aikinsa gano abin da ya faru da dalilinsa: yana karɓar taswira, littafin tafiya, bayanan na'urori da muryoyin da aka naɗa a ɗakin tuƙi idan akwai. Ba kotu ba ne, ba ya yanke hukunci.

Na biyu tuɓewa daga kwamandanci. Wannan matakin gudanarwa ne, kuma shi ya fi saurin zuwa, wani lokaci cikin kwanaki. A Amurka kalmar da aka saba ji ita ce manya sun daina amincewa da iyawarsa. Ba a buƙatar hujja irin ta kotu, mutum bai rasa muƙaminsa na soja ba, ba a kore shi daga aiki ba. Sai dai a aikace ƙarin girma ya tsaya ke nan, kuma da wuya a sake ba shi jirgi. Haka aka yi wa kwamandan jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya, Astute, bayan ya kafe kusa da tsibirin Skye a Oktoba 2010.

Na uku kotun soja, inda ake tuhuma, a kawo shaidu, lauya ya kare. Yawancin kafewar jiragen da ba a yi asarar rai ba ba sa kaiwa nan. Don haka in aka ji an tuɓe kwamanda, ba a ce ya yi laifi ba tukuna. In kuma aka ji ba a kai shi kotu ba, ba a ce ya sha ba.

Uzurin taswira da na'ura

Kusan kowane kwamandan da jirginsa ya kafe yana da abin nunawa da yatsa, kuma sau da yawa gaskiya ne. A 17 ga Janairu 2013 jirgin share nakiyoyi na Amurka, Guardian, ya hau murjanin Tubbataha a Filifin, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya. Taswirar kwamfuta da aka ba su ta ajiye duwatsun kusan mil takwas na teku daga inda suke. Kuskuren hukumar da ta zana taswira ne, ta kuma amsa. Amma bincike ya ce akwai wata taswirar a cikin jirgin da ta saɓa wa waccan, akwai fitila da ido ke iya gani, ba a tsaya an daidaita su ba. Aka tuɓe kwamanda da wasu uku. Jirgin kuwa sai yanka shi aka yi gunduwa-gunduwa aka kwashe, don jan sa zai ƙara lalata murjanin.

Haka ta faru da jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, San Francisco, a Janairu 2005, lokacin da ya daki wani tsauni a ƙarƙashin ruwa kudu da tsibirin Guwam yana tsananin gudu, soja ɗaya ya rasu. Tsaunin ba ya cikin taswirar da suke amfani da ita, amma wata taswirar da ke jirgin ta nuna alamar shakka a yankin. Ƙa'idar da masu bincike ke maimaitawa ita ce ba a dogara da ido ɗaya. Na'urar tauraron ɗan'adam, na'urar auna zurfi, rada da idon ɗan'adam, kowanne shaida ne a kan ɗan'uwansa, kuma kwamanda ne ke da alhakin gina ɗakin tuƙin da ƙaramin soja zai iya buɗe baki ya ce, ranka ya daɗe, lissafin nan bai yi ba.

Masu cewa a tsananta da masu cewa a duba sama

Masu goyon bayan tsohuwar al'ada suna cewa ita ce ke riƙe da amana tsakanin kwamanda da mutanensa. Sojan da ya kwanta barci a ƙasan jirgi ya miƙa ransa ga wanda ke sama, kuma yana yin haka ne don ya san mutumin ba zai iya zamewa ba. Ranar da aka fara karɓar uzuri, a cewarsu, kowane kwamanda zai nemo wanda zai jingina wa. Suna kawo misalin Edward Watson, wanda a Satumba 1923 ya jagoranci ayarin jiragen yaƙin Amurka cikin hazo a gaɓar Kalifoniya, bakwai suka tarwatse a kan duwatsu, mutum 23 suka mutu, ya tsaya gaban kotu ya ce a ɗora masa.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun nauyin kwamanda. Abin da yake cewa shi ne al'adar ta zama wurin ɓuyan manya. Tuɓe mutum ɗaya ya fi arha a kan gyara horo, ƙara ma'aikata ko sayen kayan gyara. Jirgin yaƙin Amurka Port Royal ya kafe a Fabrairu 2009 a gaban filin jirgin saman Honolulu, kowa na kallo. Bincike ya nuna na'urar auna zurfinsa a lalace take, ranar ce farkon fitarsa daga gyara, kwamandan kuma bai samu barcin sa'a biyar ba a cikin sa'o'i 24 da suka gabata. An tuɓe shi. Tambayar masu wannan ra'ayi ita ce: wa ya matsa a fita a wannan hali? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu ra'ayin farko sukan mayar da cewa kwamanda yana da ikon cewa jirgina bai shirya ba. Gaskiya ne a takarda. A aikace hafsan da ya faɗi haka sau biyu ya san abin da zai biyo baya a fayil ɗinsa.

Akwai kuma batun asarar gwanaye. A 1908 wani ƙaramin hafsa ɗan shekara 23 ya kafe jirgin Decatur a laka a Filifin. Kotun soja ta same shi da sakaci, ta tsawatar masa, aka bar shi ya ci gaba da aiki. Shi ne Chester Nimitz, wanda ya jagoranci sojan ruwan Amurka a tekun Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma sa hannu a madadin ƙasarsa ranar da Japan ta miƙa wuya a 1945 a kan jirgin Missouri. Shi kansa Missouri ɗin ya kafe a 1950 kusa da Norfolk, ya yi mako biyu kafin a ciro shi, kwamandansa kuma aka mayar da shi baya matsayi 250 a jerin masu jiran ƙarin girma.

Wani lokaci igiyar takan hau sama. A 2017 jirgin yaƙin Amurka Antietam ya kafe a mashigin Tokyo, sannan wasu jiragen Amurka biyu, Fitzgerald da John S. McCain, suka yi karo da jiragen kasuwa, sojoji 17 suka mutu. A wannan karon an tuɓe har shugaban rundunar yankin, Joseph Aucoin. Wani lokacin kuma ƙasa take gangarowa. Jirgin yaƙin Norwe, Helge Ingstad, ya yi karo da jirgin dakon mai a Nuwamba 2018, ya ƙare a kan duwatsun gaɓa, ya nutse. Mutum ɗaya tak aka gurfanar: hafsan da ya karɓi aiki minti takwas kafin karon. A 2023 aka yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na kwana 60. Ba a tuhumi kwamanda ba, ma'aikatar tsaro kuma ta biya tarar kurona miliyan 10. Muhawarar da ta biyo baya a Norwe ita ce ko ya kamata a bar masa jirgin tun farko da irin gogewar da yake da ita.

Yadda abin yake a dokar Najeriya

Sojan ruwan Najeriya yana ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta 1993. Ta tanadi laifin salwantar da jirgi ko jefa shi cikin haɗari, da laifin sakaci da aiki. Ana farawa da kwamitin bincike. Ƙananan laifuka kwamanda kan yanke su a taƙaice, manya a kai kotun soja. Hukuncin kotun soja sai hukumar da ke sama ta tabbatar da shi, kuma wanda aka hukunta yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli.

Wannan dama ba ado ba ce. Bayan ɓacewar jirgin dakon mai African Pride daga hannun sojan ruwa, kotun soja ta samu manyan hafsoshi biyu da laifi a farkon 2005, aka kore su. A 2011 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ɗayansu, Francis Agbiti, saboda an sa waɗanda ba su kai shi girma ba cikin masu yi masa shari'a. Ba kafewa ba ce, amma hanyar ɗaya ce kwamandan da jirginsa ya kafe zai bi.

Jiragen kasuwa da na fasinja lissafinsu daban: hukumar kula da sufurin teku ta NIMASA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta NIWA mai hedikwata a Lakwaja, da hukumar binciken haɗurra ta NSIB ke da ruwa da su, kyaftin ɗinsu kuma kotun farar hula yake zuwa, kamar yadda Italiya ta ɗaure kyaftin ɗin jirgin fasinja Costa Concordia shekara 16 bayan mutum 32 sun mutu a 2012.

Ina ruwan Bakano da teku?

An yi ta raha a 2021 da aka ce za a kafa sansanin sojan ruwa a Kano, lokacin Awwal Zubairu Gambo, ɗan jihar, yana shugabantar rundunar. Abin da ya tabbata shi ne kwalejin koyon sarrafa kayan aiki a Dawakin Tofa. Kayan gyara, mai da abinci da ake koyon tsarawa a can suna cikin abubuwan da kwamitin bincike ke tambaya idan jirgi ya kafe da lalatacciyar na'ura.

Wannan dalili na farko ke nan. Na biyu kuɗi. Jirgin yaƙi dukiyar jama'a ne, kuma dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba shi kariya daga kamun wata ƙasa, amma ta ɗora wa ƙasarsa biyan ɓarnar da ya yi a ruwan wasu idan ya saɓa ƙa'ida. Amurka ta biya Filifin kusan dala miliyan biyu kan murjanin Tubbataha. Ba daga aljihun kwamanda irin wannan kuɗi ke fita ba, daga baitulmali ne. Masuntan kudancin Upolu kuwa sun yi watanni an hana su kamun kifi a yankin da Manawanui ya nutse saboda malalar mai.

Na uku ya shafi gidajen da suka tura 'ya'yansu aikin. Matashin da ya fito daga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna ya zaɓi sojan ruwa, shekarunsa na farko a matsayin hafsan da ke kan aiki zai yi su, wato daidai kujerar da shari'ar Norwe ta faɗa wa. Abin da ke kare irinsa shi ne rubutu: lokacin da ya karɓi aiki, abin da ya tarar a lalace, lokacin da ya kira kwamanda.

Na huɗu kasuwa. Atamfa da shadda da ke Kwari, da kayan masarufin Singa, da yawansu ta Apapa, Tin Can ko Onne suke shigowa, wasu su ƙaraso tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. A Maris 2021 jirgin kwantena Ever Given ya kafe a Mashigin Suwez da jagorori biyu a cikinsa, ya toshe hanya kwana shida, hukumar mashigin ta riƙe shi har Yuli ana cinikin diyya. Masu jirgin suka ayyana wata tsohuwar ƙa'idar teku ta raba asara, wadda ta ce duk mai kaya a cikin jirgi zai ba da kasonsa na kuɗin ceto gwargwadon darajar kayansa. Wanda ya yi inshora, kamfanin inshora ke tsaya masa. Ɗan kasuwar da ya yi lodin kwantena babu inshora don rage kashe kuɗi, sai ya ajiye kuɗin lamuni kafin a sakar masa kayansa, ko da ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.